Dandali, kyamara ko fim: ina ya kamata a kai tsohon wasan kwaikwayo a Maraɗi?

Duk lokacin da aka nuna wani shiri a tele kan yadda ake farfaɗo da tsofaffin wasannin kwaikwayo, washegari sai gardama ta kaure a fada da bakin shaguna. Masu furfura su ce ai wasa ya mutu tun ranar da aka sauko da shi daga dandali aka cusa shi cikin salula. Samari su ce wa zai bar shayinsa a kan wuta, ya biya kabu-kabu zuwa gidan matasa, don ya ga abin da zai iya iske shi har bisa tabarma. Matan aure kuwa, in an tambaye su, amsarsu daban ce: da yawansu ba su taɓa samun zuwa dandalin ba balle su yi kewarsa, a rediyo da tele suka san wasan.

Gardamar tana da daɗin saurare, amma ba ta da amfani ga wanda ke riƙe da ƙungiyar wasa, ko mushen da aka ɗora wa shirya wasan ƙarshen shekara a lakwal. Kuɗinsa kaɗan ne, ƴan wasansa kuma ba za su zauna jiransa har damina ta faɗi ba. Hanya uku ce a gabansa: ya hau dandali a gaban jama'a, ko ya ɗauki wasan dandalin da kyamara yadda yake, ko ya warware shi gaba ɗaya ya mai da shi fim. Kowace da abin da take ci da abin da take bayarwa, kuma ba kowane wasa ne ke jure kowace ba.

Kafin a yi maganar kuɗi, sai a fara duba wane irin tsohon wasa ne a hannu, don iri biyu ne. Akwai rubutattu, waɗanda galibi daga Najeriya suka zo mana cikin littafi, irin su Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da ya fito a 1960, ko Uwar Gulma na Mohammed Sada na 1968. Waɗannan maganarsu tana nan a takarda, kowa ya samu littafin ya samu wasan. Namu na Nijar ba haka yawancinsu suke ba. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da samariya, wato ƙungiyoyin matasa na unguwanni da ƙauyuka, ke da ƙarfi kuma gasar matasa ta ƙasa ke zagaya jihohi, ƙungiyoyi irin ta su fitaccen ɗan wasa Yazi Dogo ba hardar takarda suke yi ba. A zauna a tsara labari, a raba fitowa-fitowa, a ce kai ne alhaji, ke ce uwargida, kai ne masinjan ofis, sauran magana kowa ya ciro ta daga bakinsa a wajen gwaji har ta zauna. Don haka irin wannan wasa galibi wuri biyu ya rage: cikin kaset ɗin gidan rediyo da talabijin na ƙasa, da cikin kan tsofaffin da suka yi shi. Wanda ya ce zai farfaɗo da shi bai je ya durƙusa gaban waɗannan dattawa ba, sabon wasa zai yi da tsohon suna.

Na fi dogon bayani a kan dandali, don a ganina can ne wasan namu ya fi nuna kansa. Ku tuna yadda abin yake a filin lakwal bayan la'asar. An shimfiɗa tabarmi gaba don yara, kujerun roba a baya, mata gefe guda. Mai fitowa a matsayin alhaji marowaci ya zauna yana ƙirga kuɗin cefane, ya ƙirga ya sake ƙirgawa, uwargida na tsaye da kwano. Sai wata dattijiwa daga cikin ƴan kallo ta ɗaga murya: "Kai Alhaji, ka ji tsoron Allah, wannan ko kuɗin daddawa bai kai ba!" Ɗan wasan da ya san aikinsa ba zai yi kamar bai ji ba. Zai ɗago kai, ya dube ta, ya ce: "Inna, in kin ji tausayinta ki cika mata." Fili ya ɗauki dariya, shi kuma ya dakata har ta lafa kafin ya ci gaba da ƙirgarsa. Wannan dakatawar da wannan amsar ba su cikin tsarin da aka yi a gwaji, kuma gobe ba za su maimaitu ba. Wasan da aka gina a kan baki, da habaici, da zambo, da karin magana, daga irin wannan yake samun rai. Gadonmu ne tun daga tashe da wasan kara da ƴan kama: mai kallo ba baƙo ba ne, da shi ake yi.

Masu cewa mutanen yanzu ba su da haƙurin tsohon wasa, su dubi Landan. A 1997 aka buɗe gidan wasa na Globe, wanda aka gina a kan fasalin na zamanin marubucin wasanni Shakespeare: tsakiyarsa ba rufi, mutum wajen 700 suna kallo a tsaye dab da ƙafafun ƴan wasa, tikitin tsayuwar kuma shi ne mafi araha. Wasannin da suka haura shekara 400 ake yi a ciki, kuma ana cika. Abin da suka kashe kuɗi suka gina, wato fili buɗaɗɗe da jama'a kusa da mai wasa, mu a nan kyauta muke da shi a kowace unguwa, daga Bagalam har Zariya.

Sai dai dandali yana da nasa cin rai. Akwai hayar kujeru, da lasifika, da gurup da man da zai sha, don ba mai hankalin da zai dogara da wutar gari lokacin zafi. Akwai takardar izini, da gaisuwar mai unguwa. A ce kun sa tikiti dala hamsin, mutum 300 suka biya: jika 75 ke nan. Ku cire kayan sauti da kujeru da mai da abin da za a ba masu tsaron ƙofa, ku raba saura ga mutum goma sha biyar da suka yi makonni suna gwaji, za ku ga ba sana'ar da za a riƙe gida da ita ba ce. Kuma mutum 300 ɗin nan ba duka za su biya ba, akwai ƙanen wane da abokin wane, da yaran da suka hauro katanga. Lokaci ma yana da ƙa'ida. Da damina jama'a na gona, hadari kuma ba ya neman izini. Daga Maris zuwa Mayu zafi ya hana zama kafin dare. Abin da ya rage mai kyau shi ne bayan girbi zuwa ƙarshen sanyi, sa'ad da aljihu ke da ɗan nauyi. Sannan Maraɗi gari ne na malamai, ba a wasa da wannan. Wasan da ya ci lokacin magariba, ko ya cakuɗa maza da mata a zama ɗaya, ya jawo wa kansa magana tun kafin a ji abin da ya ƙunsa. Masu dabara suna farawa bayan la'asar su tashi kafin kiran salla, su raba wurin zama, su kuma gayyaci dattawan unguwa su zauna sahun gaba. Wannan yana nufin wasan da a da ake kai dare ana yi dole a rage shi ya dawo kamar awa ɗaya da rabi. Ni ban ga asara a nan ba. Yawancin tsofaffin wasannin suna da fitowar da ko a wancan zamanin cike gurbi ce.

Babban raunin dandali shi ne wanda bai zo ba. Matar da ba ta fita, ɗan kasuwar da ba ya rufe shago, ɗan ci-ranin da ke Legas ko Aljeriya, duk wasan bai same su ba.

Nan ne hanya ta biyu ke shigowa, ɗaukar wasan dandali da kyamara, kuma ita ce ta fi yaudarar mutane don ana ganin kamar ba ta cin komai. Gidan wasan ƙasa na Ingila ya fara haka a 2009, yana haska wasanninsa kai tsaye a gidajen silima, kuma a 2020, da annobar korona ta rufe gidajen wasa, ya riƙa sa wasu a YouTube kyauta. Masu kawo wannan misali suna mance yadda ake yin sa: kyamarori da yawa, kowane ɗan wasa da ƙaramin makirufo a jikinsa, da gwaji na musamman don masu ɗauka su san inda kowa zai tsaya. Namu fa? A ba wani yaro salula ya tsaya can baya. Abin da zai fito, ƴan mutane ƙanana suna motsi daga nesa, kan wani mai hula ya tare rabin dandali, ƙarar gurup da kukan jariri sun danne magana. Kamar leƙen kokowa ne ta kafar katanga: ka ji ihu, ba ka ga kayen ba. A wasan da duk daɗinsa a baki yake, in magana ba ta fita, ba abin da ya saura.

Amma in an yi ta da hankali, tana da amfanin da sauran biyun ba su da shi. Sauti za a fara kashe wa kuɗi, ba hoto ba. Ƙananan makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga yanzu ana samun su a kasuwa, ko uku aka samu a ba masu yawan magana. A ja gurup nesa da doguwar waya, bayan gini in da hali. Salula biyu ko uku sun isa: ɗaya a kafe tana ɗaukar dandali duka, ɗaya kusa tana bin fuska, in akwai ta uku a juya ta wajen jama'a, don dariyar ƴan kallo rabin wasan ce. A ɗauka da hasken rana, kada a bari sai fitila. Wanda ya yi haka ya samu abu biyu. Na farko ajiya: in cikin ƴan wasan akwai dattijon da ya taka dandali tun zamanin samariya, wannan hoton wata rana ba kuɗin da zai saye shi. Na biyu talla: a yanko wuri mai daɗi na minti biyu ko uku a sake shi a WhatsApp da Facebook, shi zai kira jama'a zuwa wasa na gaba fiye da mai shela.

Ra'ayin masu kallo a kan wannan hanya a rabe yake, kuma rabuwar tana bin shekaru. Wanda ya taɓa zama a filin yana kallon hoton har ƙarshe, don abin da kyamara ta rasa tunaninsa yana cika masa. Yaron da ya tashi da finafinan Kano, minti biyar ya ba ka, in bai ga an canza wuri ba ya wuce. Kada ku sa rai cikakken wasan awa ɗaya da rabi zai yi yawo a salula. Guntayen ne ke tafiya.

Hanya ta uku, mai da wasan fim ko shiri mai dogon zango, ita ce samari suka fi so, ita ce kuma ta fi tsada ta kowace fuska. Tun wajen 1990 Kano ke fitar da finafinan Hausa, idon mutanen Maraɗi ya saba da su, yanzu kuma ga masu dogon zango kowane mako. Duk wanda ya fito da fim, da waɗannan za a auna shi, ba da wasan lakwal ba. Yana buƙatar gidaje da shaguna da ofis na ɗauka, da mai haɗa hoto, da abincin ma'aikata na kwanaki, da ƴan wasan da za su dawo gobe da kaya iri ɗaya da na jiya. Kuma ɗan wasan dandali ba lalle ya zama ɗan fim ba. Muryar da ke kaiwa sahun baya, da zare ido da wurga hannu, in kyamara ta matso sai su zama hauka. Sai an koya masa ragewa, wani kuma in ya rage, gishirinsa ya tafi.

Abin da ya fi wannan wuya shi ne labarin kansa. Fim ba ya son dogon zance a zaune, alhali tsohon wasa zance ne. Fitowar da alƙali da mai ƙara za su yi minti goma sha biyar suna juya magana, jama'a na kwashewa, a fim mai haɗawa zai datse ta ta koma uku. Sai kuma tambayar zamani: a bar labarin a lokacinsa, ko a jawo shi yau? In an bar shi, sai an nemo tufafi da kaya na da, a kuma kauce wa babura da eriya da ke ko'ina. In an jawo shi, wani labarin rushewa yake. Duk wasan da ya tsayu a kan wasiƙar da ta makara, ko mijin da ya tafi Kurmi aka shekara ba labarinsa, salula ɗaya ta kashe shi, don mai kallo zai ce me ya hana ta kira shi. Amma wasan da ke kan kishi, ko tsadar aure, ko rowa, ko ma'aikacin da ke cewa a dawo gobe, wannan ko kwalliya ba ya buƙata, yau ma haka muke.

Maganar riba kuwa, a yi hattara da masu cewa YouTube zai biya. Kafin tasha ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12, kuma ko an kai, abin da ke shigowa daga masu kallo na yankinmu ba shi da yawa. Galibin jama'a ma ba a can za su gani ba. Wajen masu tura finafinai a bakin kasuwa za su karɓa da ƴan daloli, ko aboki ya tura wa aboki, ko dala ɗaya ba za ta dawo ga ƙungiya ba. Kuɗin gaske daga mai ɗaukar nauyi yake fitowa: ɗan kasuwar da ke son a nuna shagonsa, ko ƙungiyar agaji mai saƙon da take son isarwa. Na farkon sauƙi gare shi. Ta biyun ce ake jin jiki, don sau da yawa sai faɗakarwa ta haɗiye wasan, a wayi gari alhajin da ya kamata ya ba mutane dariya ya tsaya yana karanto darasi. Tsofaffin ma faɗakarwa suke yi, gwamnatin lokacin ma abin da take so ke nan, amma sun san a ba mutum dariya tukuna. In kuma rubutaccen wasa ne mai marubuci sananne, fim ba ya ɓoyuwa kamar wasan unguwa: a nemi izinin mai shi ko magadansa, a kuma tuntuɓi ofishin kare haƙƙin mawallafa kafin a saki, ba bayan an saki ba.

Duk da haka, fim ne kaɗai ke shiga ɗakin Hajiya ya kuma bi ɗanta har Libiya. Wanda burinsa yawan ido, ba shi da wata hanyar da ta kai ta.

Akwai ta huɗu da ba a cika sa ta a lissafi ba, rediyo. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita daga shekarun 1990, ga na karkara, ba ƙauyen da murya ba ta kaiwa daga Tibiri har Madarunfa. Ba kaya, ba haske, ba hayar kujera, tsohon da ƙafa ta gaza ma yana iya zama ya yi fitowarsa. Ga wasan baki, rediyo ya fi fim adalci nesa ba kusa ba.

To wa zai ɗauki wace? Mushen lakwal ya tsaya a dandali, kada ya wahalar da kansa. Yaran da suka tsaya gaban iyayensu suka yi magana da Hausa mai kyau sun samu abin da ake nema, salula ɗaya ta ajiye musu tarihi ta wadatar. Ƙungiyar da ke da rubutaccen wasa mai ƙullin labari, da mai ɗaukar nauyin da ya riga ya sa hannu a aljihu, ba wanda ya ce "in Allah ya yarda za mu gani" ba, ita ce za ta iya tunkarar fim, kuma gara ta fara da kashi ɗaya ta ga yadda aka karɓa kafin ta yi alkawarin ashirin. Ƙungiyar da ke son tayar da wasan Nijar na baki, wadda na san ita ce mafi yawa a garin nan, shawarata gare ta ba ta da kwana: dandali tukuna, a ɗauke shi da sauti mai kyau, a saki guntaye, a kai muryar rediyo. Fim ya jira sai wasan ya zagaya unguwa uku ko huɗu, don a lokacin ne za ku san wace fitowa ce ke tashin fili, wace ce jama'a ke fara duba salula, kuma ilimin nan ba mai haɗa hoton da zai ba ku shi.

Aikin farko dai ba ya cin ko jika ɗaya. Ku sayi goro, ku je gidan dattijon da ya yi wasan, ku ce: "Baba, mun zo ka ba mu yadda kuka yi shi." Ku kunna salula ku bar shi ya yi ta zuba, kada ku katse shi ko ya saki hanya, don a sakin hanyar ne zai tuno amsar da ya taɓa ba wani ɗan kallo. In zai yarda ya zo wajen gwaji ya zauna yana gyara muku, ku biya masa adaidaita zuwa da komawa. Ku fara wannan tun ana cikin damina, gwaji ya kama da kaka, don ku samu filin a watan Disamba kafin bukukuwan aure su kwashe kujerun haya na gari.